Ɗana ya kurumce bayan sanƙarau: maganar hannu za ta mayar da shi bebe?

Tambaya: Likita, ɗana ɗan shekara 5 ya yi sanƙarau a bazarar nan. Ya warke, amma ko ganga aka buga ba ya waiwayowa. Yana magana, sai dai kullum raguwa take yi. Na fara yi masa nuni da hannu, surukata ta ce in daina, wai bebe zan mayar da shi. Yaya zan yi? Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Allah ya ƙara masa lafiya, baiwar Allah. Hajiya surukarki tsoro take ji, kuma tsoron na ƙauna ne, amma hannu ba ya kashe baki. Rashin jin kansa da rashin abokin hira, su ke cinye maganar yaro. Kada ki daina, ki haɗa biyun: baki na faɗa, hannu na nunawa.

Kafin komai, a kai shi gwajin ji cikin makon nan. Sanƙarau yana lalata wani sashe na can cikin kunne mai siffar dodon koɗi, wani lokaci ma wurin ya fara ƙanƙarewa ya zama ƙashi cikin makonni ko watanni. Idan ya toshe, dashen na'urar ji yakan yi wuya. Akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, akwai sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Don Allah a bar ɗiga masa mai ko ruwan ganye, inda ciwon yake ɗigo ba ya isa.

A gida kuwa, ihu ba ya ƙara komai sai yamutsa fuska, yaro ya ɗauka faɗa ake yi masa. Ki taɓa kafaɗarsa, ki durƙusa daidai tsayinsa, ki janye mayafi daga baki, sannan ki yi magana yadda kika saba. Da dare in an ɗauke wuta, fuskarki za ki haska da tocila, ba tasa ba.

Kada ki dogara da karatun leɓe kaɗai. Tsaya gaban madubi ki ce "bari", "ɓari", "mari" ba tare da sauti ba. Kusan duk ɗaya za ki gani. Ga kuma hawa da saukar murya, wanda ido ba ya gani sam: "kai" na jiki da "kai" na kira, leɓe bai san bambancinsu ba. Nan hannu yake shigowa.

Kuramen ƙasar Hausa suna da yarensu tun kaka da kakanni, maganar hannu, mai ƙa'idojinsa. Makarantun kurame irin ta Tudun Maliki a Kano sun fi koyar da wanda ya samo asali daga Amurka, wanda wani malami kurma Ba'amurke, Andrew Foster, ya shigo da shi Ibadan a 1960. Ki nemi babban kurma a unguwarku, ba a rasawa, ya riƙa zuwa yana koya wa gidan gaba ɗaya. Na ce gaba ɗaya, domin na sha ganin gidan da uwa kaɗai ta iya, ana zaune ana dariya a kan tabarma, yaro na bin bakuna da ido.

Ku fara da ruwa, abinci, ciwo, banɗaki, da "tsaya", saboda ba zai ji hon ɗin babur ba. Alamar sunan Hajiya kuma, a bar shi ya raɗa mata da kansa.