Wai da gaske rayuwar jaruman Indiya take kamar yadda aka nuna a fim ɗin Heroine?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na kalli fim ɗin Heroine na Kareena Kapoor, gaskiya bai burge ni ba sam, amma ya bar ni da damuwa. Tun ina yarinya nake son finafinan Indiya, yanzu kuma 'ya'yana mata sun ɗauko. Wai da gaske duk jarumar da ta yi suna sai da ta zubar da mutuncinta? Kuma a YouTube na ji ana cewa akwai wata ƙungiyar asiri mai kashe duk wanda ya ƙi bin ta, wai su suka kashe Sushant. Abin ya tsaya min a rai wallahi. Daga wata 'yar uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ba ke kaɗai fim ɗin nan ya ba haushi ba, tun fitowarsa a watan Satumba na 2012 masu sharhi a can Indiya suka yi masa caa. Da Aishwarya Rai aka fara sanar da shi a bikin finafinai na Cannes a Faransa a 2011, har an soma ɗauka ta samu juna biyu aikin ya tsaya, daga baya Kareena ta karɓa. Matsalar shi daraktan, Madhur Bhandarkar, girki ɗaya ya iya. Chandni Bar a 2001 ya yi daɗi saboda akwai ciwon gaske a ciki, Page 3 a 2005 da Fashion a 2008 ma ba laifi, amma kafin a zo Heroine miyar ta sha ɗumame har ta gaji. Yarinya ta hau, ta sha giya, ta busa taba, ta so mijin wata, ta faɗo. An ba Mahi Arora, jarumar labarin da Kareena ta fito a matsayinta, ciwon ƙwaƙwalwa na gaske irin mai ɗaga mutum sama ya dawo da shi ƙasa, sai aka mai da shi abin ƙawata labari, kwalbar magani a gefen kofin giya kamar duk lalata ɗaya ce. Kuma fim ɗin da ke kukan ana tallan jikin mata, da rawar waƙar Halkat Jawani da ke cikinsa aka yi tallansa. Kareena ta yi iya yinta, rubutun ne ya kayar da ita.

To yanzu maganar da ta fi damuna, don kusan kullum sai an turo min irinta. Mutum ya kalli fim na awa biyu da wani abu, ya ɗora da bidiyo uku na wani yaro mai makirfo da waƙar ban tsoro a baya, shikenan ya zama masanin sirrin Bollywood. Hajiya fim ɗin Bhandarkar ba rahoton bincike ba ne, tsegumin jaridun Mumbai ya tattaro ya ɗinka, shi ya sa lokacin mutane suka dinga cankar wace jaruma ake nufi da wane sin. Su kuma 'yan YouTube ɗin nan kuɗin kallo suke nema, in suka ce babu komai wa zai danna?

Ki duba abin da wannan surutun ya haifar. Jarumi Sushant Singh Rajput ya rasu ranar 14 ga Yuni 2020 a gidansa na unguwar Bandra a Mumbai. Likitocin babban asibitin AIIMS na Delhi da suka sake duba lamarin sun ce ba kashe shi aka yi ba, hukumar binciken manyan laifuka ta Indiya CBI ma bayan shekara kusan biyar ta kai rahoton rufe bincike a Maris 2025 ba ta samu hannun kowa ba. Amma kafin nan me aka yi wa budurwarsa, jaruma Rhea Chakraborty? Gidajen talabijin sun kwana sun wuni a kanta, an kira ta mayya, an ce asiri ta yi masa, an bi ta da kyamara har ƙofar gida, ta yi kusan wata guda a tsare kan zargin ƙwaya kafin a ba da belinta. Da rahoton CBI ya fito masu ihun nan nawa ne suka dawo suka ce a yafe musu? Kuma har yau sai wani ya turo min bidiyon nan fassarar Hausa yana cewa Malam ka ga tonon asiri. Ana cikin haka maganar da ya kamata a yi, wato saurayi mai ilimi da kuɗi da suna zai iya kamuwa da ciwon damuwa har ya kai shi ga halaka, ta bi ruwa, don ita ba ta kawo masu kallo.

Ba ina ce miki masana'antar tsarkakakkiya ce ba, ko kusa. In kina son ganin ɓarnar da idonki ki nemi labarin rahoton kwamitin mai shari'a Hema na jihar Kerala. Kan finafinan Malayalam, yaren jihar, aka yi shi ba na Hindi ba, amma shi ne bincike na hukuma da ya fi fitowa fili a ƙasar. An kafa kwamitin a 2017 bayan an sace wata jaruma an ci zarafinta a mota, ya miƙa rahoto ƙarshen 2019, gwamnati ta zauna a kai sai Agusta 2024 aka sake shi, shi ma an yanke wasu shafuka. Shekara huɗu da rabi takarda na kwance a ofis! Abin da ke ciki ba ƙungiyar asiri ba ce, mata ne a wurin ɗaukar fim babu bandaki babu ɗakin canza kaya har suna ƙin shan ruwa, aiki babu yarjejeniya a rubuce, 'yan cike fage ana wulaƙanta su ana riƙe musu kuɗi, wasu tsirarun maza masu ƙarfi suna iya hana mace aiki in ta ƙi abin da suka nema ko ta yi magana. Bayan fitarsa shugabannin ƙungiyar 'yan wasan Malayalam ta AMMA har da shugabanta jarumi Mohanlal suka ajiye muƙamansu.

Don haka a ce ana matsa wa mata lamba, wannan gaskiya ne kuma akwai shaida. A ce duk wadda ta yi suna ta yarda ne, wannan ƙazafi ne, kuma shi ne ma yake rufe bakin waɗanda aka zalunta, don ta san tana buɗe baki za a ce to ai dama ku duka haka kuke. Azzalumin kuwa ko a jikinsa.

Su 'yan matan naki, Heroine ba na yara ba ne, kar ki bar musu shi a waya. Ke kuma in kina son fim kan masana'antar da aka yi da hankali ki nemi Luck by Chance na Zoya Akhtar na 2009, in kuma kina jure baƙi da fari akwai Kaagaz Ke Phool na Guru Dutt na 1959, wanda ya faɗi a kasuwa lokacin fitarsa amma yanzu ana lissafa shi cikin manyan finafinan Indiya.