Injinan lantarki na iska da tsuntsayen da ke gittawa

Tambaya: Malam, na ga hoton mikiya a mace a gindin injin da ke samar da lantarki daga iska. Ana ta yabon injinan nan don ba sa hayaƙi. To, me suke yi wa namun daji da wurin da aka kafa su?

Amsa: Suna kashe tsuntsaye kam. Daga nesa sai ka ga fukafukan kamar da ƙyar suke juyawa, alhali gudun bakinsu yakan haura kilomita 250 a awa. Sai dai in lissafi za a bi, kyanwa ta fi su ɓarna: a Amurka kyanwoyi na hallaka tsuntsaye sama da biliyan 1 a shekara, na injinan kuwa dubban ɗaruruwa ne.

Ni dai ba yawan ne ya dame ni ba, irin tsuntsun ne. Kyanwa ba ta kama mikiya ko ungulu. Su ne ke shawagi a kan tuddai masu iska, ido a ƙasa suna neman abinci, kuma nan ne injiniya ke son kafa injinsa. Ga su ba sa ƙyanƙyasa da yawa, don haka rashin ɗaya ma giɓi ne. A Altamont Pass da ke Kalifoniya, injinan da aka jera a farkon shekarun 1980 sun faɗa tsakiyar wurin farautar mikiya, aka daɗe ana kwasar gawa. A tsibirin Smøla na Norway kuwa, da aka shafa wa fiffike ɗaya na kowane injin gwaji baƙin fenti, mace-macen tsuntsaye ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 a injinan da aka gwada.

Jemagu ake yawan mantawa da su, kuma yawancinsu ɗa ɗaya suke haifa a shekara. Sun fi mutuwa a daren da iska ta lafa, lokacin ƙaurarsu. Idan aka hana injin juyawa har sai iska ta yi ƙarfi, mutuwar na raguwa da kusan rabi, wutar da ake asara kuwa kaɗan ce.

A ƙasa, ana iya noma da kiwo har gindin injin. Ɓarnar tana wajen sare daji don hanyoyi da zuba kankare. A 2021 Kotun Ƙolin Norway ta ce lasisin wasu injinan da ke yankin Fosen na ƙasar bai halatta ba, domin sun shiga makiyayar dabbobin al'ummar Sami, 'yan asalin arewacin Turai.