Akori-kurarka na tafasa? Karanta kafin ka nufi Ladipo, kasuwar kayan mota ta Legas

Wasiƙu huɗu na zaɓo wannan makon, duk kukansu ɗaya: injin akori-kura na ɗaukar zafi.

Wani direba mai jigilar tumatir da albasa daga Mile 12 zuwa Oyingbo ya ce: "Hilux ɗina lafiya lau take idan hanya a buɗe take, amma da na shiga goslo a titin Ikorodu sai allurar geji ta fara hawa. Bakanike ya ce in sayi sabon lagireto. In saya?"

Dakata tukuna, ɗan'uwa. Idan mota na gudu, iskar hanya ce ke ratsa lagireto tana sanyaya ruwa. Idan ta tsaya, fanka ce kaɗai ke wannan aikin, don haka ita za ka fara tuhuma. Yawancin Hilux fambel ne ke juya musu fanka, a tsakiyarta kuma akwai kuloci mai wani mai a ciki, wanda ke kamawa idan zafi ya taso. In man ya tsiyaye, za ka ga fanka na juyawa amma ba ta jan iska. Bari mota ta yi zafi, ka kashe ta, ka zare makulli, ka tura fiffiken da hannu. In ya yi ta juyawa sakaka babu turjiya, kulocin ya mutu. Ka taɓa fambel ka ji ko ya saki. Sannan ka leƙa gaban lagireto, don na sha ganin ɓawon albasa da leda da busasshiyar laka sun toshe shi kamar an yaɓe. Wanda nasa zafin ke tashi a kan gudu, ko da lodi a hanyar Ibadan, shi ne zai yi zargin toshewar lagireto ko famfon ruwa ya cinye.

Wani daga Alaba Rago ya tambaya: "An ce tamostat na ƙasashen sanyi ne, a Legas cire shi ake yi. Kuma me ya sa zan sayi kulant alhali ga ruwan rijiya kyauta?"

Malam, wannan tambayar ta ishe ni. Wa ya ce? Toyota na sayar da Hilux a Saudiyya da Sudan, inda rana ta fi ta Legas nesa ba kusa ba, kuma da tamostat ɗinsa a ciki. Aikinsa ya riƙe ruwa har inji ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 80 zuwa 90, sannan ya buɗe hanya zuwa lagireto. Ka cire shi, inji ya daɗe yana aiki da sanyi, ya ƙara shan mai, ya ƙara cinyewa. Ka san dai abin da lita ta kai yanzu. In ya maƙale a rufe, gaskiya ne zai tafasa mota. Maganinsa a tsoma shi a ruwan zafi a ga ko zai buɗe, in ya ƙi a sa wani.

Batun ruwa kuwa, gyara zama. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100. Abin da ke hana na cikin motarka tafasa da wuri shi ne ɗan murfin nan na lagireto da kuka raina. Duba samansa za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1, wato ƙarfin matsin da yake riƙewa, kuma wannan matsin ne ke kai ruwa wajen digiri 120 bai tafasa ba. Robar murfin ta tsage, ko a sayar maka da na jabu mai laushin sifirin, shi ke nan, mota ta fara amai. Kulant kuma, wato ruwan sanyaya inji da ake sayarwa a galan, ban da ɗaga ma'aunin tafasa, yana hana tsatsa, yana kare famfon ruwa. Ruwan rijiya da na burtsatse, wanda a wasu unguwannin Legas ja ne don ƙarfe, a wasu kuma da gishiri-gishiri, yana barin dattin da ke toshe ƙananan hanyoyin lagireto ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda kake gani a gindin butar shayi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wanda ya yi niyyar kirki ya je sayen kulant, aka ba shi ruwa da kala. Ni ma an yi min. Na tsaya a gefen hanya da magariba, wani yaro ya miƙo galan, ja jawur, kuɗin bai kai rabin wanda na sani ba, na ce yau na yi sa'a. Wata uku aka kwance tiyon ƙasa, abin da ya zubo kamar kunun kanwa. Arahar da na ci ban sake ganinta ba, ta tafi a wankin lagireto da sabon famfo. Ladipo akwai na ƙwarai akwai na banza, wani lokacin a layi ɗaya. Ka tafi da tsohon murfin lagiretonka a aljihu, ka gwada lamba da lamba, ka danna sifirin ɗin duka biyun ka ji. Galan kuwa ka duba hatimin bakinsa ko an taɓa ɓalle shi. Ka sayi kalar da littafin motarka ya ce, kada ka gauraya ja da kore don wai duk ruwa ne. Ka nemi rasit, ka sayi kaya a shagon da gobe za ka dawo ka tarar da mai shi. Masu fasa ƙwai ko zuba sabulu a lagireto don toshe yoyo, Allah ya shirye ku, ba ramin kaɗai kuke toshewa ba.

Wata Hajiya daga Agege ta rubuto cikin damuwa. Maigidanta ya rasu ya bar mata akori-kura, da ita ake ci da marayu. Kullum da safe sai direba ya ƙara ruwa, ba a ganin inda yake zuba, yanzu an ce sai ta sayi injin tokumbo, wato wanda aka yi amfani da shi a ƙasar waje aka shigo da shi.

Allah ya jiƙan maigida, Hajiya, ya raya abin da ya bari. Ki kwantar da hankalinki, ba a kai nan ba. Da daddare a shimfiɗa kwali a ƙarƙashin injin, da safe a duba. Sau da yawa tiyo ne ya tsage ko famfon ruwa ke ɗiga, ruwan na bushewa a jikin inji mai zafi kafin ya kai ƙasa. In kwali ya kwana a bushe, da sassafe kafin a tayar da mota a buɗe murfin lagireto, a cika, a tayar, ki tsaya da kanki ki kalla. Kumfa na ta ɓulɓulowa ba tsayawa? Farin hayaƙi na fita ta salansa ko bayan mota ta ɗumama? A zaro sandar auna baƙin mai, ya koma kamar shayi da madara? To gasket ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa. Gyara ne mai ɗan nauyi, amma bai kama ƙafar kuɗin inji ba. Sharaɗi ɗaya: a kai kan injin wajen masu auna shi a ga ko ya lanƙwashe, in ba haka ba sabon gasket ɗin ma zai bi na farko. Kafin nan a ajiye motar. Na san kwana uku babu aiki ba ƙaramin abu ba ne a gidan marayu, amma ci gaba da lodi a haka ne zai kai ki ga tokumbon da kike tsoro. Ki kuma ji ta bakin bakanike na biyu, wanda ba shi zai rako ki sayen injin ba.

Na ƙarshe, wani yaron mota daga Idi-Araba: "In ta tafasa a hanya, in kwara mata fiya wata mai ƙanƙara?"

A'a. Kan injin za ka tsaga. Ku sauka gefe, ku kashe, ku ɗaga bonet, ku jira aƙalla rabin awa. Kada ka taɓa murfin nan sai tiyon sama ya huce ya yi laushi a hannunka, sannan ka ɗora tsumma mai kauri ka murɗa a hankali, fuskarka a gefe. Ogan naka zai yi ta faɗa a kan lokaci. Ƙyale shi ya yi.