Kyanwata tana ta susa, in yi mata wanka da Dettol da fiya-fiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Kyanwata 'yar wata bakwai ce. Kwanan nan ba ta da aiki sai susa, gashinta na zuba a kan kujeru, na kuma ga wasu baƙaƙen ɗige-ɗige a gindin wutsiyarta. Maƙwabciyata ta ce in yi mata wanka da ruwan Dettol in ɗiga fiya-fiya kaɗan. Hankalina a tashe yake don yarana da ita suke kwana. Daga wata uwa a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya, ki mayar da kwalaben nan inda kika ɗauko su, kada ko ɗigo ya taɓa jikinta.

Abin da kika gani da alama kashin ƙuma ne. Ki taje ta a kan farin tsumma mai danshi. Idan ɗige-ɗigen suka narke suka yi ja, jininta ne da ƙumar ta sha.

Shawarar maƙwabciyarki kuwa ita ce ke kashe mana kyanwoyi a garin nan, ba ƙumar ba. Hantar kyanwa ba ta iya narkar da dangin sinadarin fenol da ke cikin Dettol da Izal kamar yadda ta mutum ko ta kare ke yi, sai ya taru a jikinta. Sannan ita duk abin da aka shafa mata sai ta lashe shi tas, kin ga wankan ya zama ɗura. Baki ya yi gyambo, miyau na dalala, ta daina cin abinci.

Fiya-fiya ya fi muni. Shi da Sniper maganin ƙwari ne mai dichlorvos, ta fata ma yana shiga jini. Tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da Sniper barkatai a kasuwa, amma har gobe ana ɗura irinsa a kwalaben da ba su da ko takarda, mai tallar yana rantsuwa wai "kaɗan za a sa". Kaɗan a jikin dabbar da nauyinta bai wuce kilo 3 ba? Sai a kawo mana ita a kwali tana karkarwa, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi da ƙyar, mai ita yana cewa ko maciji ne ya sare ta. Haka kananzir, da baƙin mai, da maganin kaskar shanu. Har maganin ƙumar kare da ake ɗigawa a wuya, in dai an rubuta permethrin a jikinsa, farfaɗiya yake sa kyanwa. Wani kuma don tausayi sai ya ƙara mata da Panadol, alhali ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Abin haushin, mai shagon da ya ba da maganin bai taɓa tambayar ko nauyin dabbar ba.

Idan an riga an shafa, a wanke ta nan take da ruwa mai ɗumi da sabulun ruwa na wanke-wanke, a tsane ta da tawul, a kai ta wurin likitan dabbobi tare da kwalbar. Ban da ɗura manja ko madara. Ba sa karya guba, sai dai su sarƙe ta su shiga huhu.

Maganin da ya dace shi ne na ɗigawa mai fipronil ko selamectin wanda aka rubuta na kyanwa ne, daidai nauyinta. A buɗa gashin ƙeya a ɗiga a kan fata, inda harshe ba ya kaiwa, sau ɗaya a wata har wata 3 a jere. A haɗa mata da maganin tsutsar ciki, don ƙumar da take haɗiyewa tana ɗauke da tsutsa.

Sai ɗaki. Ƙumar da ke jikinta kaɗan ce, kusan kashi 95 cikin 100 ƙwai ne da 'ya'ya a kafet da ƙarƙashin kujeru, kuma macen ƙuma ɗaya tana iya yin ƙwai 50 a rana. Danshin damina yana ƙara musu ƙarfi. A wanke shimfiɗarta da ta yara da ruwan zafi a shanya a rana, a yawaita shara har lungu-lungu.

Wanka ba dole ba ne, kyanwa tana wanke kanta. Taje gashi ya fi mata amfani: mataji mai ƙananan haƙora, daga wuya zuwa wutsiya, kina tsoma shi a ruwan sabulu don ƙumar ta mutu. Farce kuma tsinin kawai za ki datse, kada ki kai wurin da ya yi ja.

Yara su daina kwana da ita har susar ta lafa. Ki kuma duba kunnuwa da fuska: idan kika ga inda gashi ya ɗaye a zagaye yana ɓarɓashi, wataƙila makero ne, yana kuma kama mutane. Wannan kam ki kai ta asibitin dabbobi a duba, ki kuma leƙa kawunan yaran.