Na fassara na kuma sauya kalmomi, me ya sa aka ce kwafi ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata uku ke nan da na fara rubutu ana biyana. Wani kamfanin kayan sola ya ba ni aikin maƙala mai kalma 800 a kan kula da batir. Na ɗauko bayanin a wani shafin Turanci, na fassara, na sauya wasu kalmomi kamar yadda aka koya mana a wani ajin WhatsApp. Sun dawo mini da aikin, sun ce kwafi ne, sun hana ni kuɗina. Hankalina a tashe yake. Sunana ya ɓaci ke nan? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kwantar da hankalinki, aiki ɗaya ba ya kashe suna. Sai dai gaskiya tana wajen kamfanin, kuma wanda ya koya miki wannan dabarar a ajin nan ya cuce ki.

Kullum sai an zo da maganar nan, wai in ka fassara ko ka zuba rubutun mutum a QuillBot (manhajar da ke sauya kalmomin rubutu) ya juya shi, ya zama naka. Ƙarya ce. Ko an sake wa akuyar sata igiya, ta mai ita ce. Ilimin da ke cikin rubutu na kowa ne: ba wanda ya mallaki cewa zafi yana rage wa batir kwana. Amma jerin da marubuci ya bi, da misalansa, da ginin jimlolinsa, nasa ne. Fassara kuwa, dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta sanya ta cikin abubuwan da sai da izinin mai rubutu ake yi. Masu ajujuwan nan da ke alkawarin dala cikin mako biyu ba sa faɗin wannan. Abin da suka iya shi ne sayar da fom.

Suna kuma cewa Copyscape, manhajar gano rubutun da aka kwafa, ba ya kama Hausa. To, edita ba ya ma buƙatarsa. Jimla ɗaya zai mayar Turanci ya sa a Google, sai ga asalin. Wani lokaci ma rubutun ne ke tona kansa: maƙalar da aka yi wa mutanen Zariya tana gargaɗi a kan dusar ƙanƙara, ba ta ce komai a kan ƙurar hunturu ba. In mai asalin ya kai ƙorafi ƙarƙashin DMCA, wata dokar haƙƙin mallaka ta Amurka, Google na iya cire shafin daga sakamakon bincike, asarar kuma ta kamfanin ce. Shi ya sa ba sa wasa.

Ki ba su haƙuri a taƙaice, ki nemi kwana biyu ki sake rubutawa kyauta. Karanta majiya uku ko huɗu, ciki har da takardar bayanin da ke zuwa da batirin, ki rubuta abin da kika fahimta a takarda, ki rufe su duka kafin ki fara. Sannan ki samu mai haɗa sola ki yi masa tambaya na minti 15. Shi zai gaya miki cewa batirin tubula (dogon batirin nan mai ruwa) ruwan batir ake ƙara masa ba na rijiya ba, kuma ba a so a riƙa shanye fiye da rabin cajinsa. Duk maganar da kika ɗauko baki da baki, ki sa ta cikin alamar zancen wani (" ") ki faɗi mai ita.

Nan gaba kuma, kafin ki taɓa aiki, ku yi yarjejeniya a rubuce: yawan kalmomi, ranar miƙawa, gyara sau biyu, da rabin kuɗi kafin alƙalami.