Dattawa, Ƙuduri da Kakaki: Amsoshin Tambayoyinku kan Kalmomin Majalisa

Wata malamar makaranta daga Gusau ta rubuto tana cewa: "Malam, dattawa ne daidai ko dattijai? Kuma me ya sa ake kiran su haka alhali wasunsu ko furfura ba su fara ba?"

Malama, duka biyun jam'in dattijo ne, kuma kowanne kika ɗauka ba ki yi kuskure ba. Kalmar aro ce daga Fulatanci, ta daɗe a bakinmu har ta haifi dattako da dattijantaka. A wurin Bahaushe tsufa daban, dattako daban. Akan samu tsohon da ba dattijo ba, akan kuma ce da mai shekara arba'in dattijon kirki idan yana da kamun kai da riƙon amana. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 shekara 35 ya yanka wa mai neman kujerar sanata. Ta ɗan majalisar wakilai kuwa an sauko da ita daga 30 zuwa 25 a gyaran da aka yi a 2018.

Ainihin bambancin zaurukan biyu na majalisar tarayya yana ga rabon kujeru. A Majalisar Dattawa kowace jiha sanata uku gare ta, Abuja ɗaya, jimilla 109. A Majalisar Wakilai yawan jama'a ake dubawa, kujeru 360: Kano tana da 24, Bayelsa tana da 5, amma a zauren dattawa kafaɗarsu ɗaya. An yi haka ne don kada manyan jihohi su danne ƙanana, kada kuma a tauye wa masu yawa yawansu. Majalisun jihohi zaure ɗaya ne kowacce, haka ma majalisar dokokin da maƙwabtanmu na Nijar suka saba da ita.

Wani ɗalibi daga Kano ya ce: "Kullum muna ji a rediyo majalisa ta zartar da ƙuduri, amma ba ma ganin komai ya canza. Shin ƙuduri doka ne?"

Ɗana, tambayarka ta taɓo abin da ya daɗe yana damuna. Ƙuduri daga ƙudura yake, wato ƙulle abu tamau, daga nan aka samu "ya ƙudura a ransa". Niyya ce da aka ƙulla, ba a kai ga aikatawa ba. Matsalar ita ce abu biyu ake kira da wannan suna guda. Na farko shi ne matsayar da zaure ɗaya yake cimma bayan wani ɗan majalisa ya miƙe ya kawo koke, a ce a gyara hanya kaza ko a binciki ma'aikata kaza. Wannan kira ne da jan hankali, ba ya zama doka. Na biyu shi ne ƙudurin doka, wanda wasu ke cewa daftarin doka, kuma shi ne mai doguwar tafiya.

Ana fara yi masa karatu na farko, inda akawun majalisa yake karanta sunansa kawai, babu muhawara. A karatu na biyu ake tafka muhawara kan manufarsa. Idan ya tsallake sai a miƙa shi ga kwamiti, wanda yakan kira zaman jin ra'ayin jama'a, ƙungiyoyi da masana da duk wanda abin ya shafa su zo su faɗi albarkacin bakinsu. Rahoto ya dawo zaure, a bi shi sashe-sashe, sannan karatu na uku. Shugaban zaman ya nemi masu goyon baya su ɗaga murya, masu adawa su ɗaga tasu, ya saurari ɓangaren da ya fi amo, ya buga guduma. Duk wannan rabin tafiya ne, domin sai ɗaya zauren ma ya amince da shi. In aka sami saɓani ko a sashe ɗaya ne, sai a kafa kwamitin haɗin gwiwa ya daidaita, domin matani guda ake kai wa shugaban ƙasa.

Sashe na 58 na tsarin mulki ya ba shugaban ƙasa kwana 30 ya rattaba hannu ko ya bayyana cewa ya ƙi. Idan ya hau kujerar na ƙi, zaurukan biyu suna iya sake zartar da ƙudurin da rinjayen kashi biyu cikin uku kowannensu, ya zama doka ba da sa hannunsa ba. An yi haka a 2000 kan dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta, zamanin Olusegun Obasanjo, lokacin Ghali Umar Na'Abba yana kakakin wakilai. Ina roƙon 'yan'uwa masu fassara labarai su riƙa rarrabewa: matsaya, ƙudurin doka, doka. Talakan da ya ji "an zartar" zai ɗauka gobe abin zai fara aiki, alhali wataƙila karatu na biyu kawai aka tsallake.

Wani dattijo daga Katsina ya tambaya ko kakakin majalisa yana da alaƙa da kakakin fada. Ƙwarai kuwa, Baba. Kakaki shi ne dogon abin busan nan na ƙarfe wanda ya ɗara tsawon mutum, mabushi ya ɗaga shi sama da hannu biyu, kumatu a cike, amonsa ya ratsa unguwanni ya sanar cewa sarki ya fito. Daga nan aka ara wa duk wanda ake jin muryar jama'a ta bakinsa. Aron ya dace, domin a Ingila ma asalin aikin mai wannan kujera shi ne isar da maganar majalisa ga sarki. Sai dai a kula, jagoran wakilai ne kakaki, kamar Tajudeen Abbas na Zariya da aka zaɓa a 2023. Na dattawa shugaban majalisa ake ce masa. Wanda ke fitowa ya yi wa 'yan jarida bayani kuwa, gara a ce masa mai magana da yawun majalisa.

Wata baiwar Allah daga Kumasi ta nemi ma'anar "shawara ɗaukar ɗaki", da ko ya dace da majalisa mai zaure biyu. Wanda ya tashi a birni ba lalle ya gane ba. A ƙasa ake haɗa jinka, a ɗaure tsaikon, a baibaye shi da ciyawa, sannan a kira maza su kewaye shi. Kowa ya sa hannu, a yi kabbara ko a ba da murya ɗaya, a ɗaga tare a ɗora bisa bango. In gefe ɗaya ya riga ɗagawa sai jinkar ta karkace. Ma'anar ita ce babban al'amari ba ya yiwuwa da kan mutum ɗaya, kuma ɗan'uwansa shi ne "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka". Ya dace sosai, musamman a gyaran tsarin mulki, inda bayan rinjayen kashi biyu cikin uku na kowane zaure ake buƙatar amincewar majalisun jihohi aƙalla 24 cikin 36. Masu ƙorafin jinkiri da yawan kuɗin da zaure biyu ke ci suna da hujja, ban raina ta ba. Amma ni na fi tsoron dokar da aka yi da gaggawa, domin "sauri ya haifi nawa".

Ta kuma tambaya ko ana iya muhawara da Hausa a majalisar tarayya. Sashe na 55 ya ce da Turanci za a gudanar da harkokin majalisar, da kuma Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya kamata. Tanadin shi ne tafintoci da na'urorin saurare da masu rubuta bayanan zama a harsunan uku, kuma majalisar ce da kanta take amincewa da kasafin kuɗin da za a yi wannan aiki da shi.