Hukuncin Shiga Filin Ƙwallo da Shaidar Rigakafin Wani

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara ilimi mai amfani. Akwai gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanina da abokaina tun lokacin korona. A lokacin an sa doka cewa ba mai shiga filin wasa sai ya nuna shaidar allurar rigakafi ko ta gwaji. Ni ban yi allurar ba, don zuciyata ba ta kwanta da ita ba. Ana gobe wasa wani abokina ya turo mini hoton shaidarsa ta waya. Da na isa ƙofa layi ya yi tsawo, ma'aikacin ya haska na'urarsa a kan wayata, ta yi ƙara, ko sunan bai duba ba ya ce in wuce. Wasu abokaina sun ce dokar tun asali zalunci ce, don haka ba ni da laifi. Wani ya ce allurar ma kanta rashin tawakkali ce, wani kuma ya ce duk wanda ya ƙi ta mai zunubi ne. Akwai mai cewa tunda an iya rufe masallatai aka buɗe filayen ƙwallo, ba gaskiya a lamarin gaba ɗaya. Ina gaskiyar take, kuma mene ne a kaina?

Amsa:

Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi wa barakatuhu. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, tambayarka ta nuna zuciyarka tana da rai, don da ba ta da shi da tuni ka manta da wannan rana. Bari in fara ba ka hukuncin kafin dalilai: sharaɗin da aka gindaya a ƙofa halas ne a lokacin da annoba take ci, ƙin yin allurar da ka yi ba shi kaɗai ya mayar da kai mai zunubi ba, amma shiga da shaidar wani haramun ne, kuma akwai tuba a kanka da abokin da ya turo maka.

Mu fara da mai maganar tawakkali, domin tasa ce ta fi kama da addini, ita ce kuma ta fi nisa da shi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Usama ɗan Zaidu cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce idan kun ji labarin annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, idan kuma ta ɓarke kuna cikinta kada ku fita don guje mata. Wannan taƙaita zirga-zirga ne ƙarara, daga bakin wanda ya fi kowa tawakkali. A zamanin annobar Amwas, Sayyidina Umar ya taho Sham, ya kai wani wuri da ake kira Sargu, sai Abu Ubaida da sauran kwamandoji suka tarye shi da labarin cutar. Ya yi shawara da Muhajirai suka rabu biyu, ya kira Ansar su ma haka, sai dattawan Ƙuraishawa suka haɗu a kan ya koma. Abu Ubaida ya ce, "Gudun ƙaddarar Allah za a yi?" Umar ya ce, "Ina ma wani ne ya faɗi wannan ba kai ba, ya Aba Ubaida. E, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah." Sannan ya buga masa misali da mai raƙuma da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya a bushe: duk inda ya kai su kiwo, ai da ƙaddarar Allah ya kai su. Daga baya Abdurrahman ɗan Aufu ya iso ya karanta musu hadisin, Umar ya gode wa Allah ya juya.

Shan magani kafin ciwo ya zo ma yana da asali. Shaikh Abdul'aziz bin Baz ya halatta rigakafi yana kafa hujja da hadisin nan na wanda ya karya da dabinon ajwa guda bakwai da safe, cewa guba ko sihiri ba za su cutar da shi a ranar ba. Kariya ce tun kafin cutar ta sauka. Alhazai kuma sun yi shekaru da dama ana neman shaidar allurar sanƙarau a hannunsu kafin su shiga Saudiyya, ban taɓa jin malamin da ya ce hajjinsu ya samu tawaya a tawakkali ba. Batun abin da ke cikin allurar kuwa, kamfanonin Pfizer da Moderna da AstraZeneca sun ce babu sinadarin alade a cikin tasu, Majalisar Fatawa ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙarƙashin Shaikh Abdullahi bin Bayya, ta halatta allurar tun Disambar 2020.

Wanda ya ce duk mai ƙin allura mai zunubi ne, shi ma ya wuce gona da iri. Asalin neman magani a wurin mafi yawan malamai ba wajibi ba ne. Matar nan mai farfaɗiya da ta zo wurin Annabi an ba ta zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri da Aljanna, ta zaɓi haƙuri. Sai dai ciwonta ita kaɗai yake cutarwa, ciwon da ke yaɗuwa kuwa yana da wani hukunci. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta ce magani yana zama wajibi idan cutar mai yaɗuwa ce zuwa ga wasu, kuma shugaba yana da ikon tilasta shi a cututtuka masu yaɗuwa da alluran rigakafi. Abin da nake gani shi ne, inda hukuma ba ta wajabta allurar a kan kowa ba, ta dai sa ta sharaɗin shiga wasu wurare, to wanda ya ƙi don tsoron da yake da shi ko shawarar likita bai yi saɓo ba, muddin ya ɗauki nauyin zaɓinsa, ya nisanci inda aka ce sai mai shaida. A nan ne kai ka yi tuntuɓe.

Ka duba yadda Shari'a ta yi da wuraren da suka fi filin ƙwallo daraja nesa ba kusa ba. Wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa an ce ya nisanci masallaci, alhali wari ne kawai, ba ya kwantar da kowa a asibiti. Muslim ya ruwaito cewa a cikin tawagar Saƙifawa akwai kuturu, Annabi ya aika masa cewa mun karɓi mubaya'arka, ka koma. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya kawo cewa Umar ya ga wata mata mai kuturta tana ɗawafi, ya ce mata, "Baiwar Allah, kada ki cutar da mutane, da kin zauna a gidanki." Ta zauna. Bayan rasuwarsa wani ya ce mata wanda ya hana ki ya mutu, ki fito, ta ce ba zan yi masa biyayya yana raye in saɓa masa yana matacce ba. In an iya mayar da mutum daga Ka'aba saboda lafiyar jama'a, mayar da shi daga kallon wasa ba abin a kai ruwa rana ba ne. Kallon ƙwallo iyakar matsayinsa mubahi, shi ma idan bai ci lokacin salla ba kuma babu caca a ciki, abin da na san da yawa daga masu wannan gardamar ba su taɓa tambaya a kansa ba.

Kuma tsoron da aka yi wa filayen wasa ba daga sama ya faɗo ba. A ranar 19 ga Fabrairun 2020 ƙungiyar Atalanta ta garin Bergamo a Italiya ta karɓi baƙuncin Valencia a filin San Siro da ke Milan, mutane kusan 40,000 suka taso daga yankin Bergamo, Atalanta ta ci ƙwallo huɗu, kowace ƙwallo da rungumar juna da ihu fuska da fuska, ga cunkoson mota da jirgin ƙasa zuwa da dawowa. Makonni kaɗan bayan haka Bergamo ta zama ɗaya daga wuraren da cutar ta fi yi wa ɓarna a Turai, har motocin soja ne suke fitar da gawawwaki, likitoci da dama kuma suna lissafa wancan wasa cikin abin da ya hura wutar. Shugaban da ya ga wannan ya sa doka, ya yi aiki da ƙa'idar "babu cuta babu cutarwa", da ƙa'idar da malamai suka kafa cewa abin da shugaba zai zartar a kan talakawa yana rataye ne da maslaha.

Batun masallatai: a manyan ƙasashen ƙwallo an dakatar da gasa tun Maris 2020, daidai lokacin da Majalisar Manyan Malaman Saudiyya ta dakatar da jam'i da Juma'a a masallatai ban da Harami biyu. Da Bundesliga ta dawo a 16 ga Mayu, Firimiyar Ingila kuma a 17 ga Yuni, a kujeru wayam aka buga. Hajjin 2021 ma mutum 60,000 aka yarje wa, duk masu rigakafi. Inda kuwa aka samu wata hukuma ta sassauta wa wasa ta tsananta wa ibada, wannan son zuciya ne, a faɗa mata gaskiya ta hanyar da ta dace. Amma kuskuren hukuma a kan masallaci ba ya zama lasisin yaudara a ƙofar fili.

Abokanka masu cewa dokar tana da rauni suna da wani ɓangare na gaskiya, ba zan ɓoye ba. Da nau'in korona mai suna Omicron ya bayyana a Nuwambar 2021, ta fito fili cewa allurar ta fi ƙarfi wurin hana ciwo mai tsanani da mutuwa a kan hana kamuwa da yaɗawa, har mai shaida yana iya shiga ɗauke da cutar. Wannan hujja ce mai nauyi, kuma malamai sun ce lalura ana auna ta ne da gwargwadonta, abin da aka halatta saboda uzuri yana faɗuwa idan uzurin ya gushe. Haka ma aka yi: Ingila ta wajabta shaidar a manyan taruka a tsakiyar Disambar 2021, ta janye ta kafin ƙarshen Janairun 2022, Ƙatar ta yi Gasar Kofin Duniya a ƙarshen 2022 ba ta nemi shaidar allura ba, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ɗage dokar ta-ɓacinta a 5 ga Mayun 2023. Duk wanda zai riƙe irin wannan sharaɗi bayan dalilinsa ya tafi, ya fita daga maslaha ya shiga takura. Su ma masu tantancewa akwai amana a wuyansu, domin tara dubban mutane a bakin ƙofa haɗari ne mai zaman kansa. Mutum takwas ne suka rasu a turmutsutsin shiga filin Olembe na Yawunde a Kamaru a 24 ga Janairun 2022, lokacin Gasar Kofin Afirka. Kowace irin tantancewa za a yi, wajibi ne a buɗe isassun ƙofofi a sa isassun ma'aikata.

To amma duk wannan muhawara ce a kan ko dokar ta dace. Kai abin da ka aikata wani abu ne daban. Tikitin da ka saya yarjejeniya ce, ka saye shi kana sane da sharaɗinsa. Allah ya ce, "Ya ku waɗanda suka yi imani, ku cika alkawura," a farkon Suratul Ma'ida, kuma ya zo a hadisi cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu, sai sharaɗin da ya halatta haram ko ya haramta halal. Wannan sharaɗi bai yi ko ɗaya ba. Lokacin da ka miƙa wayarka, ko ba ka buɗe baki ba ka ce wa ma'aikacin "ni ne wannan", alhali ba kai ba ne. Ƙarya ce a aikace, ha'inci ne, kuma Muslim ya ruwaito cewa wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Sakacin ma'aikacin na rashin duba suna bai wanke ka ba, kamar yadda barcin mai gadi ba ya halatta tsallaka katanga. Ba shi kaɗai ka yaudara ba ma. Wataƙila a kujerar da ke gefenka akwai dattijo mai ciwon suga ko mai lalurar numfashi wanda bai yarda ya fito ba sai don ya amince cewa duk wanda ke kusa da shi an duba shi. Ko amincewar tasa ta yi daidai a likitance ko ba ta yi ba, a kanta ya gina shawararsa, kai kuma ka warware ta ba da saninsa ba.

Kuma ba za ka fake da lalura ba. Da kanka ka ce an yarda da shaidar gwaji, ke nan akwai ƙofar halas a buɗe wadda ba ta buƙatar allura ta taɓa jikinka, ka bar ta. Ko da babu ita, ba a san wanda rashin kallon minti casa'in ya halaka ba.

Abin da ke kanka yanzu shi ne tuba: ka yi nadama, ka nemi gafarar Allah, ka ƙudurce ba za ka sake ba idan irin wannan ta dawo. Ka sanar da abokinka cewa shi ma ya tuba, domin ya taimaka a kan saɓo, Allah kuwa ya hana taimakekeniya a kan zunubi da ƙetare iyaka. Babu kaffara ƙayyadadda, babu kuma kuɗin da za ka mayar tunda ka biya tikitinka. Wannan idan lafiyarka ƙalau ka shiga. Idan kuwa ka san kana da zazzaɓi ko tari a ranar, ko gwaji ya riga ya nuna kana ɗauke da cutar, laifin ya fi girma don haƙƙin bayi ya shigo ciki: wanda ka sani ya kamu ta dalilinka ka nemi yafiyarsa, ka taimaka masa da abin da ya kashe na jinya gwargwadon ikonka, waɗanda ba ka sani ba kuma ka yawaita yi musu addu'a da sadaka.

Allah ne Mafi sani.